Wadda Aka Sayar da Mutuwar Mijinta

Duk ɗan Afganistan da ya zauna a unguwar Bhogal ta birnin Delhi a shekarun nan ya ci gurasar Khala Mahgul, wato Inna Mahgul a yarenmu, ko ya sani ko bai sani ba. A saman benen da muke haya tanderunta yake, gefen tankin ruwa. Tsohon duro ne ta sa aka yanke mata, ta shafe cikinsa da yumɓu da hannunta. Matan unguwa sukan kwaɓa fulawarsu a gida su hau da ita a kwano, kamar yadda muka saba a can, ita kuma ta gasa. Ni Nuriya, ɗakina yana ƙarƙashin nata, da ni da keken ɗinkina. Shekara biyar ina jin takunta a kaina tun asuba, kuma takun ba na mai sanɗa ba ne.

Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, ga baki kamar reza. Ba ta karɓar kwano sai ta luma yatsa a ciki tukuna.

"Wannan kwaɓi ne ko kunu? Wa ya koya miki, uwarki ko maƙiyanki?"

"Haba Khala, sauri nake yi."

"Saurin me? Ofishin 'yan gudun hijira ne ya kira ki? Shekara uku kina jiran su, ki jira fulawa ta tashi mana."

Haka take da kowa, ba ta bar ni ba, ba ta bar matar mai gidan ba. Amma in mace ta hau ba ta da abin biya, sai ta gasa mata ta kore ta da faɗa, wai ta tsaya mata a iska. Kullum hannayen rigarta a naɗe suke har gwiwa, don haka babu wanda bai san tabonta ba. Hannu biyun duka, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, fatar ta tattare ta yi fari-fari, wani wurin ja. Sababbin zuwa sukan kawar da ido. Mu mun saba.

A garinsu Pul-i-Khumri, can Afganistan, aka yi tabon. Mijinta Barat yana da shagon gurasa a bakin titi, kuma shi ke gasa wa sojojin da ke shingen gada. An aiko masa sau biyu ya daina. Ya ce shi gurasa yake sayarwa, bai san yunwar soja ta bambanta da ta kowa ba. Wata safiya mutum uku suka zo a kan babura fuska a rufe, suka harbe shi yana durƙushe a bakin tanderu, ya kifa ciki. Mahgul tana bayan labule tana mulmula kwaɓi. Ita ta zura hannu biyu ta jawo shi. Ɗaya daga cikin ukun ta gane shi ta ɗingishinsa, ɗan baffan Barat ne. Ranar jana'iza ta fito daga cikin mata, hannu a naɗe da tsumma, ta kira sunansa a gaban jama'a sau uku. Kwana huɗu bayan haka aka banka wa shagon wuta, aka aiko mata cewa saura ita. Ba ta da ɗa, ba ta da ɗan'uwa namiji. Ta sayar da 'yan kunnenta da kafet ɗin aurenta, ta samu bizar neman magani, ta sauka Delhi.

To, a ƙasarmu wanda bai iya rubutu ba wurin mirza yake zuwa. Mirza yana zaune a ƙofar kotu ko ofishin gwamna da teburinsa, ka faɗa masa damuwarka, ya juya ta zuwa irin maganar da manya suke karantawa. Ba ka ɓoye masa komai, kamar yadda ba ka ɓoye wa likita ciwo. Da wannan al'adar muka zo nan, kuma ita ta cuce mu. A Bhogal muna da namu, Mirza Daulat, a wani ɗan ɗaki bayan shagon sayar da tikitin jirgi. Farin gemu a gyare, carbi a hannu, kowace mace "'yar'uwa" ce a bakinsa. Ni Allah ya kiyaye ni ne kawai, don ƙanin mijina ne ya rubuta min tawa takardar kafin ya wuce Kanada, na kuma samu katina na 'yan gudun hijira tun da wuri.

Sati biyu da saukarta Mahgul ta zauna gabansa ta zazzage masa komai, har ɗingishin, har adadin kiran da ta yi a maƙabarta. Ya rubuta, ya matse ƙwalla, ya ce kada ta biya shi sai ta samu sarari. Ta sauko tana sa masa albarka. Aka kai takardar ofishin 'yan gudun hijira, aka ba ta wata 'yar takardar jira, aka ce za a kira ta.

Sai da ta shekara huɗu da 'yan watanni kafin a kira ta. Ta yi wanka, ta sa baƙar rigar da na ɗinka mata, ta tafi. Da ta dawo na tambaye ta yaya. Ta ce yarinyar da ta yi mata tambayoyi mai ladabi ce, har ruwa ta ba ta. Abu ɗaya ne ya tsaya mata: da ta zo wurin ɗingishin, sai yarinyar ta ajiye biro ta dubi tafinta, tafintan ya dubi ƙasa.

Bayan wata biyar wasiƙa ta zo da Turanci. Wurin wa za ta kai? Wurin Mirza. Ya karanta, ya girgiza kai, ya ce an ƙi, wai hujja ba ta isa ba, amma kada ta damu, zai rubuta ɗaukaka ƙara. Ta koma bayan kwana uku, ya ce yana kan yi. Ta sake komawa, ya ce idonsa na ciwo. Ni dai raina bai kwanta ba. Na karɓi wasiƙar na kai wa Sardar Harbans mai kantin magani, mabiyin addinin Sikh ne ɗan Jalalabad ta ƙasarmu, yarenmu ɗaya da shi. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, sannan ya ce in kira ta.

"Khala, ba cewa suka yi hujja ba ta isa ba. Cewa suka yi labarinki sun riga sun ji shi daga bakin wasu, kusan kalma da kalma. Ba su yarda naki ba ne."

Mahgul ta dube shi kamar ya yi mata Hindi. "Daga bakin wa? Mutum nawa ne suka jawo Barat daga wuta?"

"Ba su faɗa ba. Kwana talatin suka ba ki ki ɗaukaka ƙara. Sha ɗaya sun tafi."

Muka koma muka hau bene. Ta hura wuta ta ci gaba da aiki, amma ranar gurasa uku ta ƙona, abin da ban taɓa gani ba.

Kwana biyu bayan haka muka je unguwar Malviya Nagar sadakar arba'in ta wani tsoho ɗan Baghlan. Mata cike da ɗaki, ana raba alewar halwa a cikin gurasa, ana hirar da muke yi kullum: wa aka kira, wa aka ƙi, wa ya samu Ostireliya. Sai matar gidan ta nuna wata doguwa mai kyau a gefe, tana zaune da 'yan mata biyu.

"Khala Mahgul, ga 'yar'uwarki a ƙaddara. Tahmina ke nan. Ita ma mijinta mai gurasa ne, a bakin tanderu aka harbe shi, ita ta jawo shi daga wuta. Allah ya taimake ta, shekara biyu ke nan da ta samu kati."

Na ji hannun Mahgul ya kama gwiwata ya matse. Amma muryarta lafiya lau ta fito.

"Allah ya jiƙansa. A wane gari?"

"Kunduz," in ji Tahmina, idonta a kan kofin shayi.

"Kin gane waɗanda suka yi?"

"Ɗaya daga ciki. Yana ɗingishi."

Aka kira la'asar, mata suka yi layin alwala a bakin famfo. Mahgul ta bi bayan Tahmina ta tsaya, ni ma na bi. Da Tahmina ta naɗe hannun riga, sai ga tabo a hannun hagu kaɗai, a sama, wuri uku a jere, kowanne da ɗan tsini a gaba. Mahgul ta kama hannun ta juya shi kamar mai duba kifi a kasuwa. Ta shafa gashin da ke kwance a kai, sannan ta miƙa nata kusa da shi. Wanda ya yi aikin tanderu ko na shekara ɗaya ba ya da gashi a hannu, kuma wutar tanderu ta ƙasa take cin mutum, ba ta sama ba.

"'Yata, wannan ba tanderu ba ne," ta ce a hankali, yadda mu uku kawai muka ji. "Dutsen guga ne. Da hannun dama kika riƙe shi. Gobe zan zo gidanki."

Tahmina ta saki butar, ruwa ya jiƙa mana ƙafafu.

Ɗaki ɗaya take da shi a bayan wani shagon walda. Ta tura 'yan matan waje, ta rufe ƙofa, ta zauna a ƙasa. Ba ta yi mana gardama ba. Ta ce mijinta yana raye, ya sake ta tuntuni. Ita aikin caje mata ta yi a ƙofar wani ofishin gwamnati a Kunduz. Wata rana aka tare ta a hanyar gida, aka tafi da ita kwana biyu. Abin da aka yi mata a kwana biyun ba ta faɗa mana ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da ta zo Delhi ta je wurin Mirza, ta kasa buɗe baki. Shi ne ya ce mata ai ba dole ba ne mace ta tona kanta a gaban tafinta namiji, yana da labari mai tsabta wanda ba kunya a cikinsa. Ya ce na wata mata ce da ta rasu. Ta ba shi warwaronta. Ya karantar da ita har ta haddace, sannan ya ce labarin yana bukatar tabo.

"Wallahi Khala ban san kina raye ba. Tsumma na cusa a baki na yi, don kada yaran su ji."

"Ke kaɗai ya sayar wa?"

"Na san wasu biyu. Ɗaya tana unguwar Tilak Nagar."

Wato Barat ya mutu a Pul-i-Khumri, ya mutu a Kunduz, ya mutu a wasu garuruwa biyu, kuma matarsa ce kaɗai aka ce ƙarya take yi. Har yau in na tuna wannan sai in ji jinina yana tafasa.

Mahgul ta ce, "Za ki tashi mu je ofis tare. Ki ce musu nawa ne. Sannan ki faɗa musu naki na gaskiya, ki nemi tafinta mace."

"Gara in mutu. In suka ji na yi ƙarya sau ɗaya, wa zai saurari na biyu? Ki dubi yaran nan, Khala. Babbar saura shekara ɗaya ta gama makaranta."

"Ni wa ya dube ni? Kwana uku na ba ki."

Daga nan shagon Mirza muka nufa, ko gida ba mu biya ba. Yana ganin fuskokinmu ya sallami wanda ke gabansa.

"'Yar'uwa Mahgul, yanzu nake cewa zan aika a kira ki. Takardarki ta kusa."

"Nawa ka sayar da mijina?"

Ya ja carbi biyu. Bai ko yi kamar bai gane ba, wannan ne ya fi ƙona min rai. Ya ce, "Zauna mu yi magana ta hankali. Labari ba buhun shinkafa ba ne da zai ƙare don an ɗiba. Mata uku na rufa wa asiri da shi, da 'ya'yansu, ladan ma har kabarin marigayi zai kai. Ban zaci za a daɗe haka ba a kira ki ba. Amma abin gyara ne. Ina da wani, na wata malamar makaranta daga Ghazni, ba a taɓa amfani da shi ba. Kyauta zan ba ki."

Na ce, "Kai, ka ji tsoron Allah da wannan gemun naka na akuya."

"Ke mai kati, ki yi shiru, ba da ke nake ba." Ya juya wurin Mahgul. "Ki sani, jirgi ɗaya muke ciki. Taki takardar ma rubutuna ce. In kika huda jirgin, ba ni kaɗai zan sha ruwa ba."

Mahgul ta ɗauki kofin shayinsa ta juye a kan takardun da ke teburin, a hankali, har ɗigon ƙarshe. Ta ajiye kofin ta fita.

Akwai wata lauya Ba'indiya da ke duba irinmu kyauta ranar Laraba, a wani ɗaki kusa da cocin unguwar. Sardar Harbans ya rufe kantinsa ya raka mu ya yi mana tafinta. Matar nan ta saurara, ta duba hannayen Mahgul, sannan ta shimfiɗa mana hanya biyu. Ta farko, a samo takardar likita da za ta nuna ƙunar ta wutar rami ce kuma tsohuwa, a nemo wani ɗan Pul-i-Khumri da ya san shagon Barat ya yi shaida, a ɗaukaka ƙara da wannan kaɗai, ba a ambaci kowa ba. Ta ce tana da kyakkyawan zato a kan wannan. Ta biyu, a faɗi sunan Mirza da na matan. In aka yi haka za a tono duk takardar da ta fito daga hannunsa, matan za su rasa katinsu, kuma ta Mahgul ma tana cikin tulin.

"Ki bi ta farko, Khala," in ji Sardar, da bakinsa ba da na lauyar ba. "Ki tsira tukuna."

"In na bi ta farko, Mirza fa?"

"Shi yana nan."

"Su kuma su ci gaba da zama matan Barat."

A kan hanyar gida ta tambaye ni me na gani. Ba zan yi ƙarya ba, ni na zuga ta. Na ce mata rama cuta ga macuci ibada ne, na ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, na ce duk wanda ya ga hannunta ya ga na Tahmina zai san wa ke da gaskiya. Ina da kati a jaka ina wannan wa'azin. Kwana ukun Tahmina suka cika ba ta zo ba. Ana saura kwana shida wa'adi ya ƙare, Mahgul ta dangwala babban yatsanta a kan takarda mai sunaye huɗu. Lauyar ta tambaye ta sau biyu ko ta tabbata.

Wata bakwai aka yi ana bincike. Labari ya fasu tun a watan farko. Ashe ba mata uku ba ne, gidaje sun fi ashirin da suka sayi labari a wurinsa, kowa da irin nasa. Wasu maza suka je suka fasa ɗakin Mirza, suka tarar ya kwashe komai, ko kujera bai bari ba. Da ba su same shi ba, sai haushin ya dawo kan Mahgul. Matan da ta gasa wa gurasa kyauta suka daina hawowa. Wata ta tofa yawu a matakalarmu. A kasuwa ana nuna ta da baki, wai ga wadda ta tona asirin 'yan'uwanta. Shi wanda ya sayar da su ba a tofa masa ba, don bai tsaya ba.

Aka karɓe katin Tahmina da na sauran biyun. Sati uku bayan haka wasiƙar Mahgul ta zo. Sardar ya karanta, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. An ce an gode mata da taimakon da ta yi. An ce tun da bayaninta na farko ma daga hannun mutumin ya fito, ba a iya tabbatar da wace ce mai asalin labarin ba. An rufe fayil.

In an rufe maka fayil a garin nan, abin da ya rage maka ba shi da yawa, kuma kowa ya haddace shi. Kana iya neman a sake buɗewa in kana da sabuwar hujja, kuma mun nema, da takardar likita da shaidar wani direba ɗan garinsu, amma amsa ba ta zo ba. Lauyar ta ce za ta gwada babbar kotu, sai dai kotu ba ta san sauri ba. In kana da ɗan'uwa a Turai ko Kanada da zai tsaya maka, to, Mahgul ba ta da ko kare a can. Masu ƙarfi a jika su bi 'yan fasa-ƙwauri ta Iran, masu rabo su isa, sauran a binne su a dutse. Wasu su ɓace cikin wani gari su canja suna. Ko kuma ka je da ƙafarka ka sa hannu cewa ka yarda ka koma, a ba ka takardar fita. Na ce mata ta tafi Hyderabad wurin wata ƙawata ta laɓe har kotu ta zauna.

"In laɓe? Ni na yi sata?"

Ta ci gaba da hura tanderu kowace safiya, ko da kwano biyu ne suka hawo, nawa da na matar Sardar. Takardar jiranta ta mutu, bizarta ta mutu tun shekarun baya. Wata Talata da hantsi 'yan sandan baƙi suka hawo, mace ɗaya maza biyu. Wani ne ya nuna musu gidan, kuma ɗan ƙasarmu ne, ban dai san wane ba. Ta ce su jira ta fitar da gurasar da ke ciki. Suka jira. Ta miƙa wa kowannensu ɗaya, macen ce kawai ta karɓa.

Gidan tsare baƙi yana can bayan gari, mota biyu ake hawa. Ranar da na fara samun izinin ganinta, na tarar ta rame, amma bakin yana nan. Ta ce gurasarsu ko jaki ba zai ci ba. Ta cikin wayar da ta raba mu na hango wata doguwa zaune a gindin bango da 'yan mata biyu.

"Tahmina ce?"

"Ita ce. Sati biyu ta riga ni. Ɗaki ɗaya aka sa mu, tabarmarta na kusa da tawa."

"Kuna magana?"

"Me za mu ce? Ƙaramar ce ta tambaye ni ranar nan wai me suka yi min. Na ce ta tambayi uwarta."

Na fashe da kuka, na ce ta yafe min, ni na ingiza ta, da ta bi maganar lauya da yanzu tana saman bene. Ta daka min tsawa har mai gadi ya waiwayo.

"Share hancinki, kin yi muni. Ke kin isa ki ingiza ni? Na san abin da nake yi. Shekara biyu wata tana kuka da mijina a gidajen makoki, ana ba ta haƙuri, ana ba ta halwa. Yanzu ba mai sake yi. Abu ɗaya ne ya rage min, kuma shi ke hana ni barci. Ina Mirza?"

Na ce ban sani ba.

"To ki sani. Ba ya iya wata sana'a, kuma inda mutanenmu suke nan zai zauna. Ki nemo shi, Nuriya. Kada ki bari wata ta sake zama a gabansa."

Wata huɗu ta yi a can. Kotu ta sa ranar sauraro, aka ɗage, aka sake ɗagewa, jirgi kuwa bai ɗage ba. Ranar wata Alhamis aka kwashe su su goma sha tara zuwa Kabul, har da Tahmina da 'ya'yanta. Ba a sanar da ni ba sai da na je da man shafawar da take sa wa tabon, mai gadi ya duba littafi ya ce an tafi da su shekaranjiya.

Sau uku ta kira ni. Ba ta je Pul-i-Khumri ba. Ta ce tana gasa wa wata mata a wata unguwa a Kabul, tana sa dogon hannun riga ko a bakin wuta don kada a gane ta. A kira na uku ta ce wani ɗan garinsu ya gan ta a layin famfo, za ta canja ɗaki. Daga nan lambar ta daina shiga. Yau shekara ɗaya da wata biyar. Amsar neman sake buɗe fayil ɗinta ta zo bayan tafiyarta da wata biyu, an ce ta zo a sake jin ta. Takardar tana cikin akwatin kekena.

Mirza kuwa na same shi. Wata takwas na yi ina tambayar duk wadda ta kawo min ɗinki, har wata ta ce akwai wani dattijon kirki a Faridabad mai rubuta wa mutane takarda, Haji Nasim. Na hau jirgin ƙasa na je. Ya rina gemun baƙi, ya sa hula, amma carbin nan ne. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, suka ce in kawo shaida, alhali shaidun duka an sa su a jirgi.

Don haka ranar Litinin da Alhamis ba na ɗinki. Ina zuwa da 'yar kujerata in zauna a bakin shagon mai shayin da ke kallon ƙofarsa. Duk macen da na ga ta nufo da takardu a leda, sai in tare ta in ce 'yar'uwa, zo ki sha shayi, in ba ki labarin wata mai gurasa. Wasu su saurara su juya. Wasu su ce mahaukaciya ce su shige. Sau biyu ya canja ɗaki, sau biyu na bi shi. Makon jiya ya fito da kansa, ya tsaya a kaina, ya ce, "'Yar'uwa, don girman Allah, sai yaushe?"

Na ce masa sai ranar da lambar Mahgul ta shiga.